Na ɓalle a tseren Lahadi, 'yan ƙungiyarmu suka kamo ni: wa ke da gaskiya?

Ɗan_Agege

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka daɗe a tseren keke ce, kuma ina roƙo a amsa mini tsakani da Allah ko da amsar ba za ta yi mini daɗi ba.

Tsere biyu muka yi a ƙarshen makon nan. Na Asabar gajere ne, zagaye-zagaye a titin da aka rufe, bai kai awa ɗaya ba. Aikin da aka ba ni shi ne in tsare gaba, duk wanda ya yunƙura zai ɓalle in bi shi. Na yi har ƙafafuna suka ƙi. Mai gudun ƙarshenmu, wato wanda muke ajiye wa ƙarfi don ya fizga a dab da layi, ya zo na biyu, kowa ya tafi gida yana murna.

Na Lahadi shi ne dogon, ta hanyar Lekki zuwa wajen Epe sannan a juyo. Mu biyar ne. Tun daren Asabar kyaftin ya ce shiri ɗaya ne: a riƙe ayari kada ya watse, a kai mai gudun ƙarshenmu bakin layi. Bayan mun juyo sai mutum uku daga wasu ƙungiyoyi suka ɓalle. Ni ne kusa, na bi su. Muka zama huɗu, muka shiga karɓa-karɓar ja, wato kowa ya shiga gaba ya keta wa saura iska, tazara ta yi ta buɗewa har mai babur ɗin alƙalai ya ce mana mun haura minti ɗaya. Wallahi ban taɓa jin ƙarfi a jikina irin na ranar ba. Saura ƙasa da kilomita uku ayari ya haɗiye mu, kuma da na duba waɗanda ke gaba suna ja, rigarmu na gani. 'Yan ƙungiyata ne suka kamo ni. Su ma sun ƙone kansu, babu wanda ya rage ya ja mai gudun namu, ya ƙare na huɗu. Ni kuwa can baya.

Kyaftin ya ce ni na karya shiri. Ni na ce ba a bin ɗan gida. Har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba.

Bakano_a_Ikko

Wa alaikumus salam. Ai wannan ba abin muhawara ba ne. Abin da ake fara koya wa duk wanda ya shiga ƙungiya shi ne: in naka yana gaba, ba ka ja. Ka zauna a taya, masu asara su yi wahala. An zalunce ka, ɗan'uwa.

Baffa_Obalende

Kafin in ce komai, ɗana, amsa mini abu biyu. Da kuka ɓalle, kai ma kana karɓar ja ko laɓewa ka yi a bayansu? Sannan su waye ukun, akwai wanda ya fi ka gudun ƙarshe a cikinsu?

Ɗan_Agege

Baffa, na ja, kuma ban rage komai ba. A cikin ukun akwai wanda kowa ya san ya fi ni a mita ɗari biyun ƙarshe. Sauran biyun kuwa ina ganin zan iya da su.

Baffa_Obalende

To a nan maganar take. Malam Bakano ya faɗi ƙa'ida, kuma gaskiya ce, amma ƙa'idar tana da 'yar'uwa da ba a raba su. In ƙungiya ta ce yau ranar wane ce, kai kuma ka tsinci kanka cikin waɗanda suka ɓalle, gadi aka aike ka. Mai gadi ba ya ja. Ka zauna a bayan na ƙarshe, in sun yi maka alama da gwiwar hannu ka girgiza kai ka ce mutuminka yana baya. Za su yi faɗa, wani ma ya zage ka, ka haƙura.

Duba abin da hakan ke haifarwa. Ɗayan biyu ne. Ko dai su ga ba za su ɗauki mutum kyauta su kai shi layi ba, su yi sanyi, ayari ya kamo ku ba tare da 'yan ƙungiyarku sun zubar da gumi ba. Ko kuma su ci gaba da ja su uku, ku isa tare, su a gajiye kai da sauran ƙarfi. Mutumin da ka ce ya fi ka gudu, in ya yi kilomita 30 yana keta iska kai kana hutawa, ba lallai ya fi ka a ranar ba. Da ka ja da su sai ka zama kana ɗauke da maƙiyin ƙungiyarku kana kai shi inda zai doke ka.

Ban wanke kyaftin ɗinku ba, zan zo kansa. Amma ina so ka fara ganin wannan.

Sabon_Shiga

Ku yi haƙuri, ni motsa jiki kawai nake yi da keke, daga Ikoyi in haye gadar Lekki in dawo. Abin da ban gane ba, tunda mutum ɗaya ne ke cin tsere, me ya kawo ƙungiya? Kowa ba ƙafarsa yake murzawa ba?

Injiniya_Ajah

Sabon_Shiga, iska ce amsar. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, in keke ya kai gudun kilomita 40 a awa, mafi yawan ƙarfin da kake kashewa, fiye da kashi 80 cikin ɗari, ture iska kake yi da shi. Wanda ya manne a bayan tayarka yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar, wanda ke tsakiyar babban ayari kuma ya fi haka samun sauƙi. Ke nan mutum biyar za su iya yanke shawarar wa zai sha wahala yanzu da wa za a ajiye wa ƙarfinsa sai ƙarshe. Daga nan duk dabarun suka fito.

Akwai kuma abin da ba a ambata ba, ɓangaren da iskar ke fitowa. Yawancin shekara a nan daga kudu maso yamma take busowa, daga teku. In kana tafiya wajen Epe tana ɗan tura ka, shi ya sa kowa ke jin kansa gwani a tafiya. Da an juyo an fuskanci Ajah sai ta dawo ta gaba ta gefen hagu, kuma tana ƙaruwa in rana ta ɗaga. Mutum huɗu su ɓalle a wannan ɓangaren, sun zaɓi wuri mafi wuya. A irin iskar nan ba a jeruwa a miƙe, kowa yana komawa ɗan dama da na gabansa, kamar matakala. In na gaba ya matse gefen dama na titi kuwa, babu mafaka ga kowa a baya.

Masu sharhin tsere a Faransa suna da wani lissafi da ake dangantawa ga Robert Chapatte, tsohon ɗan tsere kuma mai sharhi: ayarin da ya duƙufa yana cinye minti ɗaya a kowane kilomita 10. Na ƙwararru ne, inda mutane da yawa ke karɓa. A namu, mutum uku su cinye minti ɗaya da iska a fuska, dole su ƙare babu komai a ƙafa. Abin da ya faru ke nan.

MaiFaci_Mile12

Duk na ji, amma bari in yi magana a matsayin wanda kuke kawo wa kekunan nan. Na san nawa ake sayen taya ɗaya mai kyau yanzu. Na san kuɗin sarƙa, da na roba ta birki. Ba wanda ke biyan yaron nan albashi. Da kuɗin guminsa ya sayi keken, shi ke biyan kuɗin rajista, shi ke tashi tun kafin asuba daga Agege ya isa Lekki. Ranar Asabar ya yi wa wani bauta, ranar Lahadi Allah ya ba shi ƙafa, sai a ce ya sake zama ya jira wani? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Turawan da kuke kwaikwayo ana biyansu don su yi wannan hidimar. Mu nan don sha'awa muke yi.

Baffa_Obalende

Malam mai faci, maganarka tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma wurin faɗinta daren Asabar ne, lokacin da ake zaune ana shiri. A nan mutum zai ce, yau na yi muku, gobe ina so a ba ni dama. In aka yi shiru aka amsa da to, an ɗauki alkawari.

Na_Cikin_Ayari

Salam. Ni ɗaya ne daga cikin ukun da suka ja ranar Lahadi. Ɗan_Agege ɗan'uwana ne, tare muke atisaye, kuma ba don in ƙaryata shi na shigo ba. Abin da ya faɗa haka ya faru. Amma akwai abin da ba ya iya gani daga gaba.

Ba nan take muka fara ja ba. Mun zauna muna jiran wasu su ɗauki nauyi. Sai muka lura ƙungiyoyi ukun da ke da yawan mutane kowace tana da nata a cikin waɗanda suka ɓalle. Sauran ayarin 'yan ɗai-ɗai ne, ba wanda zai kashe kansa don wani. Gudu ya faɗi har mutane suna hira. Kyaftin ya tambaye mu, a cikin huɗun nan wa zai ci? Dukkanmu mun san amsar, kuma ba namu ba ne. Ya roƙi wani mai babur da ke raka tseren ya je ya ce wa ɗan'uwanmu ya daina ja. Muka jira, tazara ba ta ragu ba. Sannan ne ya ce mu shiga gaba. Wallahi ban ji daɗin yin hakan ba, ina ja ina tunanin mutumin da nake bi. Amma ba mugunta ba ce.

Ɗan_Agege

Yaya, na gode da ka yi magana a fili. Amma Allah shaida, saƙon da ya iso mini tazara ce kawai. Ba wanda ya ce mini in daina ja. Ga iska, ga ƙarar motoci a ɗaya hannun, ko an faɗa ban ji ba.

Bakano_a_Ikko

To kun ji. Da an bar shi, mafi muni ya zo na huɗu. Da aka kamo shi me aka samu? Na huɗu. An ƙona mutum huɗu an sayo abin da yake hannu tun farko, an kuma ɓata zumunci.

Injiniya_Ajah

Malam Bakano, ana auna shawara da abin da aka sani lokacin yanke ta. A lokacin kyaftin yana da mutumin da ya zo na biyu jiya-jiya. Yana ganin in an haɗu yana da damar ɗaukar na ɗaya, in ba a haɗu ba ba shi da ita. Wanda ya zo cin tsere zai bi damar na ɗaya ko da ƙarama ce. Inda nake ganin ya gaza shi ne lissafin mutane: ya sa ukun duka a gaba. Da ya ajiye ɗaya ya manne da mai gudun, ya nemi 'yan ɗai-ɗain nan su ba da hannu, domin su ma ba su da komai in ba a kamo ba.

'Yar_Idi-Araba

Salamu alaikum. Ni abin da ya tsaya mini shi ne maganar saƙon da bai isa ba, domin ko manya ya taɓa cin su. A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, a tseren mata, Anna Kiesenhofer ta Ostiriya ta ɓalle tun farkon tsere. Masaniyar lissafi ce, ba ta cikin wata ƙungiyar ƙwararru a lokacin, kuma ita kaɗai ce daga ƙasarta. 'Yan Holan su ne mafiya ƙarfi, su huɗu. A Olamfik ba a amfani da rediyon kunne. Suka kamo sauran waɗanda suka ɓalle, lissafi ya ruɗe musu, har Annemiek van Vleuten ta tsallake layi ta ɗaga hannu tana zaton ita ta ci, alhali Kiesenhofer ta riga ta wuce da fiye da minti ɗaya.

In waɗannan za su rasa bayani a tsakiyar tsere, ina ga mu da ke dogara da mai babur? Shi ya sa nake ganin a gama magana tun a gida. Kyaftin ya faɗi shiri ɗaya kawai, bai ce in an ɓalle da namu a ciki ga abin da za a yi ba. Wannan giɓin shi ya haifar da komai.

Kuma Baffa, da girmamawa, labarin nan yana nuna wani lokaci wanda ya yi kasada shi ke ci.

Baffa_Obalende

'Yata, kin yi daidai, kuma abin da na ce zan faɗa a kan kyaftin ke nan, kin riga ni. Shugaban da ya ba da shiri ɗaya tak bai gama aikinsa ba. A zamaninmu kafin a tashi sai an ce: in mutum kaza suka tafi wa zai bi, in ya bi zai ja ko ba zai ja ba, tazara nawa za a bari kafin a motsa. Amma ki lura, ita baiwar Allahn nan Kiesenhofer ba ta da kowa a baya da za ta ci amanarsa. Ita kaɗai ce, duk abin da ta yi kanta ta yi wa.

Ɗan_Filato

Ni a Jos na koyi keke, kuma tun da na zo Legas abu ɗaya ke damuna. Garin nan shimfiɗe yake. In ka cire hawan gadoji da 'yan tuddan wajen Epe da Ikorodu, babu inda hanya za ta tace mutane. A gida tudu ne alƙali, mara nauyi mai dogon numfashi yana da ranarsa. A nan kusan kowane tsere gudun ƙarshe ke raba shi, don haka mutum ɗaya ko biyu a kowace ƙungiya su ne sarakuna kullum, sauran 'yan ɗauko ruwa. Mutum irin Ɗan_Agege, in bai ɓalle ba, yaushe zai taɓa cin wani abu? Ƙungiyar da ba ta ware wa irinsa rana ba za ta wayi gari ya koma wata.

MaiFaci_Mile12

Allah ya yi maka albarka. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Direban_Tirela

Ku gafarce ni zan ɗan kauce. Ni babbar mota nake ja, kuma hanyar nan ita ce hanyata. Tun da matatar mai da tashar jiragen ruwa suka fara aiki a Ibeju-Lekki, manyan motoci sun ƙaru sosai, har ranar Lahadi. Ina roƙonku da Allah, wannan jerin matakala da Injiniya ya kwatanta, kada ku yi shi sai an tabbatar an tsare muku hannun. Mota mai kaya ba ta tsayawa nan take, kuma wanda ke dab da gefen damanmu ba ma ganinsa a madubi. Na sha ganin masu keke sun bazu sun cinye titi suna waige. In tsere ba shi da mota a gaba da mota a baya, gara a fasa. Hular kwano kuma ba a sasantawa a kanta.

Na_Cikin_Ayari

Gaskiya ne Alhaji. Ranar akwai rakiya gaba da baya, amma waɗanda suka ɓalle babur ɗaya kawai ke tare da su. Wannan ma abin a gyara ne.

Malamar_Jinya

Tambaya ga Ɗan_Agege: me ka ci tsakanin tseren Asabar da na Lahadi, kuma me ka ci a kan keke? Ina tambaya ne don ka ce da aka kamo ku can baya ka ƙare. Wanda aka kamo saura kilomita uku yakan iya manne wa ayari ya shiga tare da su. In ya kasa, sau da yawa man jikinsa ne ya ƙare.

Ɗan_Agege

Anti, daren Asabar tuwon shinkafa na ci. Da asuba bayan salla shayi da burodi, don ana tashi da wuri saboda a riga rana da cunkoso. A kan keke gora biyu na ruwa da ayaba ɗaya.

Malamar_Jinya

Tuwon ya yi, amma na kan keken ya yi kaɗan ƙwarai. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta, in ana aiki mai tsanani, bai cika wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu ba, kuma kai ka riga ka taɓa ajiyar ranar Asabar. Abin da ake ba da shawara ga dogon tsere shi ne kusan giram 60 na abinci mai sukari ko sitaci a kowace awa. Ayaba ɗaya ba ta kai rabin haka ba. Ba sai ka sayi na leda masu tsada ba. Dabino ya wadatar, ka cire ƙwallon tun a gida ka zuba a aljihun riga, kana ɗauka kaɗan-kaɗan tun awar farko, kada ka jira yunwa. Gora ɗaya kuma ka sa sukari da ɗan gishiri. Zafin Legas mai laima ne, gumi ba ya bushewa, mutum yana zubar da ruwa fiye da yadda yake zato.

Wannan ya shafi muhawararku kai tsaye. Ƙarfin da ka ji lokacin da kuka ɓalle na gaske ne, amma ba shi ke nuna abin da zai rage maka bayan rabin awa ba.

Ɗan_Filato

Tunda an kawo misalin waje, ga wanda ya fi kama da namu. A gasar zagayen Sifen ta 2023, wadda ake yi zango-zango tsawon mako uku, Sepp Kuss ɗan Amurka, wanda shekara da shekaru aikinsa ja wa manya a kan duwatsu, ya shiga cikin waɗanda suka ɓalle a makon farko, ya ci zangon, bayan kwana biyu ya karɓi jar riga ta wanda ke kan gaba a gasar. Manyan ƙungiyarsa biyu, Jonas Vingegaard da Primož Roglič, suna nan. A hawan Angliru suka tafi suka bar shi, duniya ta yi ca. Daga baya ƙungiyar ta tsaya a bayansa, ya ci gasar, su biyun suka zo na biyu da na uku. Ko a wurin masu albashi akwai ranar da ake cewa wanda ya saba hidima yau tasa ce.

Injiniya_Ajah

Haka ne, amma ƙungiyar nan dai ita ce a 2022 ta nuna amfanin biyayya ga shiri. A zango na 11 na zagayen Faransa, Roglič da Vingegaard suka riƙa kai wa Tadej Pogačar hari ɗaya bayan ɗaya, yana bin kowanne, har ya ƙare a hawan Granon ya rasa kusan minti uku. Roglič ya san ƙona kansa yake yi don wani. Abin lura a nan, mutum biyu masu haɗari sun fi ɗaya. Da ƙungiyar su Ɗan_Agege ta ɗauke shi a matsayin makami na biyu tun farko, da sauran ƙungiyoyi ne za su shiga ruɗu.

Sabon_Shiga

Akwai 'yan Afirka a wannan matakin kuwa?

'Yar_Idi-Araba

Akwai. Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku a zagayen Faransa na 2024, ya kuma tafi da koriyar riga ta masu maki. Shi ma mai gudun ƙarshe ne, sai an ja shi an kai shi wuri mai kyau. A Satumbar 2025 Kigali ta karɓi gasar duniya ta tseren titi, karo na farko a Afirka. Mu ma Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a Olamfik ta Paris a 2024, har tawagar Jamus ta ara mata keken da ta yi tseren cikin fili da shi. Ina faɗin sunanta ne don 'yan matanmu da ke ganin abin ba nasu ba ne. Mu da muke fita da safe a nan ba mu da yawa, in an yi tseren mata sau da yawa kowa ta kanta take yi, dabarun ƙungiya sai dai mu gani a wurinku.

Alhajin_Alaba

Ni tambayata ta kasuwa ce. Kyautar ranar Asabar, wa ya tafi da ita? In mai gudun ne ya sa a aljihu shi kaɗai, to mai faci ya fi kowa gaskiya. A zagayen Faransa wanda ya ci yana samun Yuro 500,000, kuma al'adarsu ita ce a raba wa abokan tsere da ma'aikata. In ana so mutum ya ba da ƙafarsa, a nuna masa cin na kowa ne.

Na_Cikin_Ayari

Alhaji, ana rabawa daidai, ko nawa ne. Ranar Asabar ma a wurin aka raba. Ba kuɗi ne matsalarmu ba.

Ɗan_Agege

Gaskiya ne, ba a taɓa cin haƙƙina a kuɗi ba, kuma ba shi ya kawo ni nan ba. Na karanta duka. Maganar dabino na ɗauka, Anti, na gode. Maganar Baffa ta gadi ina ta juya ta. Amma har yanzu akwai abin da ban samu amsarsa ba: in na zauna ban ja ba, mutanen nan uku suka ci gaba, muka doshi layi tare, shin kyaftin zai bar ni, ko duk da haka zai sa a kamo mu? Domin in zai kamo ni ko na ja ko ban ja ba, to ba jan ne laifin ba, ba a yarda zan iya ci ba ne kawai.

Na_Cikin_Ayari

Wannan shi kaɗai zai amsa maka. Ranar Alhamis akwai zama bayan atisaye, ka tambaye shi a gaban kowa, ni zan goyi bayan a ba ka amsa. A nawa ganin, da ka zauna da ba mu motsa ba.

Bakano_a_Ikko

Ni ban sauya ba. Ko ya ja ko bai ja ba, rigarku ɗaya. Ranar da na ga 'yan ƙungiyata a gaban ayari suna bina, ranar zan ajiye musu rigarsu.

Baffa_Obalende

Kada ka zuga shi ya bar mutanensa, Malam Bakano. Ɗana, in kun zauna, ka nemi abu takamaimai: a tsere na gaba mai iska a dawowa, a ba ka izinin tafiya, a kuma faɗi sunayen waɗanda in suna tare da kai za ka ja da waɗanda in suna nan za ka zauna. Ka roƙi a yi alamar hannu da kowa ya sani, tunda murya ba ta isa.

Ɗan_Filato

Baffa, ni da za a ji tawa, ba shi kaɗai za a tura ba. Mutum biyu za su tafi tare, ɗaya ya ja ɗaya ya zauna, sai a ga yadda mai gudun waccan ƙungiyar zai yi da su. Sai dai hakan na nufin mutum biyu kawai za su rage wa mai gudun ƙarshenku. Na_Cikin_Ayari, kana ganin zai yarda?